Dabarun cin rulet, ƙaramin jari da garaɓasar gidan caca: ina kuɗin ke tafiya?

Bidiyon iri ɗaya ne duk inda ka ci karo da shi, a YouTube ne ko TikTok ko wani zauren Telegram. Mutum ya buɗe manhajar gidan caca, ya nuna ɗan kuɗin da ke asusunsa, ya ce zai gwada wata dabara a kan rulet kowa na kallo. Kafin minti 15 kuɗin sun ƙaru. Sai ya ce to kun dai gani da idonku, kuma duk wanda ya yi rajista ta hannunsa za a ninka masa kuɗin da ya fara sakawa kyauta. Abin da ya sa tallar ke kama mutane shi ne sau da yawa ba ƙarya aka yi a bidiyon ba. An yi gwajin, an kuma ci. Gwajin ne kansa ba shi da ikon amsa tambayar da aka ce zai amsa, kuma idan aka haɗa shi da ƙaramin jari da garaɓasa, ana tura mutum ne daidai inda mai gidan caca ke son ganinsa.

Sai an fahimci faifan kafin a fahimci sauran. Faifan rulet na Turai gurbi 37 gare shi: lambobi daga 1 zuwa 36, guda 18 ja, guda 18 baƙi, sai sifiri shi kaɗai a gurbi kore. Mai kula da tebur ya murza faifan, ya saki 'yar farar ƙwallo, inda ta tsaya shi ke nan. Wanda ya zuba a kan lamba guda, in ta fito, ana ba shi ninki 35 na abin da ya zuba, a haɗa masa da uwar kuɗinsa. Da daidai za a raba, ninki 36 ya kamata a biya, tunda gurabe 36 ne ke kayar da shi, guda ɗaya tak ke ba shi. A ɗauki wanda ya ɗora naira 100 a kan kowace lamba har da sifiri. Ya fitar da 3,700. Dole ɗaya ta ci, a miƙo masa 3,600. Naira 100 ta tafi, kuma babu ruwan sa'a ko rashinta a wannan. Kashi 2.7 cikin 100 ke nan na abin da ya zuba, kuma shi ne kason gida. Mai zubawa a ja ko baƙi, wanda in ya ci ake ba shi riba daidai abin da ya zuba, shi ma bai tsira ba: gurabe 18 nasa ne, 19 na gida, domin ranar da ƙwallo ta faɗa sifiri, da mai ja da mai baƙi duk sun sha ƙasa.

Sifiri ɗayan ma rangwame ne aka yi. Faya-fayan da ake juyawa a Paris a ƙarshen ƙarni na 18 sifiri biyu gare su. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, François da Louis Blanc, su suka fito da mai sifiri ɗaya a gidan cacarsu na Bad Homburg da ke Jamus a 1843 don su janye 'yan caca daga hannun abokan gogayyarsu, daga baya François ya karɓi ragamar gidan caca na Monte Carlo a 1863. Amurka ta ci gaba da sifiri biyu: gurbi 38, biya dai ninki 35, kason gida ya tashi zuwa kashi 5.26. A 'yan shekarun nan wasu gidaje a Las Vegas sun ƙara sifiri na uku, kason ya kai 7.69. Akwai kuma teburan da ke bin ƙa'idar Faransa, inda ake mayar wa mai ja ko baƙi rabin kuɗinsa in sifiri ya fito, kason ya sauko 1.35. Zaɓin tebur ne kaɗai ke motsa wannan adadi, shi ma ba ya kai shi ga babu.

Yanzu dabarun. Wadda ta fi kowace suna ita ce Martingale, tsohuwa ce tun Faransa ta ƙarni na 18, kuma yaro ma zai iya riƙe ta: in ka faɗi ka ninka, in ka ci ka koma farko. Mu bi ta da kuɗin da za a iya ƙirgawa. Saurayi ne da naira 12,700 a asusu. Ya ɗora 100 a ja, baƙi ya fito. Ya ɗora 200, baƙi ya sake fitowa. Ya ɗora 400, sai ga ja. An ba shi ribar 400, a cire 300 da suka tafi, ya tsira da 100. Ya koma farko. Ko a juyi na ɗaya ya ci, ko a na shida, ribar kowane zagaye naira 100 ce, ba ta wucewa. Jarin nasa kuwa faɗuwa 7 a jere kawai zai iya ɗauka: 100, 200, 400, 800, 1,600, 3,200, 6,400. A juyi na bakwai, babban yatsansa na kan maɓalli, agogon manhaja na ƙirga daƙiƙun da suka rage a rufe zubi, 6,300 sun riga sun tafi, ga 6,400 na ƙarshe zai tura, kuma duk abin da yake nema a wannan lokacin naira 100 ce. Wannan ɓangaren ne bidiyo ba ya kaiwa.

Yiwuwar faɗuwa 7 a jere a faifan Turai kusan 1 ce cikin 106. Mutum na jin haka sai ya ce ai da kamar wuya. To amma zagaye guda bai fi juyi biyu ba a matsakaici, manhaja kuma tana juyi cikin 'yan daƙiƙu, don haka zagaye 106 ba su kai zaman yamma ɗaya ba. A ƙaddara ya ci 105, ya tara 10,500. Na 106 ya kwashe 12,700. Rarar 2,200 ta gida ce. Martingale ba ta rage asara ko ƙwandala ba. Ta tattara ta ne wuri guda ta ajiye a gaba, ta bar mutum yana ta ɗiban ƙananan riba a hanyar zuwa wurin.

A nan ne maganar gwaji ta shigo, kuma nan na fi son a tsaya. A ba mutum 100 wannan jari, kowa ya yi zagaye 20, wato juyi kamar 40, daidai tsawon bidiyo guda. Lissafi ya nuna kusan 83 daga cikinsu za su tashi da ribar naira 2,000 kowanne. Sauran 17 za su haɗu da faɗuwa 7 a jere, jari ya ƙone, sai ɗan abin da suka tara kafin nan. In aka haɗa na kowa da kowa, an bar wa gida fiye da naira 30,000. Dabarar ta faɗi ƙasa warwas a matsayinta na dabara, amma mutum 83 na da shaidar cewa tana aiki, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Su ne za su ɗora hoton asusu, su ne za su gaya wa abokai a majalisa. Su 17 ɗin shiru za ka ji, don babu mai ɗora hoton asusun da ya koma sifiri. Mai kallo daga waje ba ya ganin mutum 100, waɗanda suka ci kawai yake gani.

Ko ba tare da ninkawa ba, gajeren gwaji makaho ne. Wanda ke ɗora naira 100 a ja kowane juyi, ba ƙari ba ragi, bayan juyi 100 matsakaiciyar asararsa naira 270 ce kacal, alhali hawa da saukar sa'a kaɗai na iya kai shi sama ko ƙasa da naira 1,000. Hayaniyar sa'a ta danne kason gida, ba a jin motsinsa. Shi ya sa kusan mutum 36 cikin 100 za su kasance da riba a wannan matakin. A juyi 1,000 sun ragu zuwa kamar 19. A juyi 10,000 ba su fi 3 ko 4 cikin 1,000 ba. Ɗan caca guda yana rayuwa ne a juyi 100 na farko, inda komai na iya faruwa. Gidan caca kuwa, da dubban mutane a kansa dare da rana, ya wuce juyi 10,000 tun kafin gari ya waye, don haka shi ba caca yake yi ba. Duk gwajin da ya yi tsawon da zai faɗi gaskiya, ƙaramin jari ba zai kai ƙarshensa ba. Duk gwajin da ƙaramin jari zai iya kammalawa, bai yi tsawon da zai faɗi gaskiya ba.

Idan abin ya faru, maganar da ake ji ita ce: "Ai dabarar tana aiki, jarina ne bai kai ba." Mu ƙara masa jari. Da naira 102,300 zai ɗauki faɗuwa 10 a jere, wadda ke zuwa kusan sau 1 cikin 784. Ya ci zagaye 783, ya tara 78,300, na gaba ya tafi da 102,300. Giɓin ya ƙara faɗi. Sannan kowane tebur yana da iyakar abin da za a iya ɗorawa a juyi guda, ta yadda ko mai buhun kuɗi zai kai matakin da ba za a bar shi ya ninka ba.

Akwai daren da ake yawan kafa misali da shi. Ranar 18 ga Agusta 1913, a gidan caca na Monte Carlo, ƙwallo ta faɗa baƙi sau 26 a jere. Tun abin bai yi nisa ba mutane suka yi ca a kan ja, kowa na cewa ai baƙi ya gaji, lokacin ja ya yi, suna ta ƙara kuɗi suna faɗuwa. Faifai ba ya tuna abin da ya wuce. Bayan baƙi 25, damar ja a juyi na gaba tana nan 18 cikin 37, kamar yadda take a juyin farko. Da saurayinmu na wurin a daren, ya fara da naira 100 yana ninkawa, da kafin ja ya fito ya zubar da naira biliyan 6.7, kuma sai ya nemo wasu biliyan 6.7 ɗin ya ɗora kafin ya ci nairarsa 100. Allon da manhajoji ke nunawa a gefe, mai jera lambobin da suka fito da waɗanda suka daɗe ba su fito ba, wannan ruɗin yake ciyarwa. Da bayanin na da amfani ga ɗan caca, da gida bai ba da shi kyauta ba.

Sauran dabarun ba sa buƙatar dogon bayani. Wadda aka jingina wa d'Alembert, masanin lissafi na Faransa, cewa take ka ƙara kaso ɗaya in ka faɗi, ka rage ɗaya in ka ci. Ta Fibonacci tana bin jerin 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13. Ta Labouchère, mai sunan wani ɗan siyasar Birtaniya na ƙarni na 19, sai ka rubuta jerin lambobi a takarda, ka ɗora jimlar ta farko da ta ƙarshe, in ka ci ka soke su, in ka faɗi ka ƙara wata a wutsiya. Akwai Paroli da ke ninkawa bayan ci maimakon bayan faɗuwa. Wata tana hawa a hankali, wata da gudu. Wata tana ba da ƙananan ci da yawa da babbar faɗuwa guda, wata ƙananan faɗuwa da yawa da babban ci jefi-jefi. Duk abin da suke tsarawa shi ne nawa za a ɗora da kuma yaushe, babu wadda ta taɓa faifan. Kamar ɗan kasuwa ne da ke sayen mudun gero naira 37 yana sayarwa 36: ko ya sayar da mudu ɗaya yau, biyu gobe, huɗu jibi, ko ya juya tsarin, kowane mudu da naira guda yake tafiya, kuma yawan ciniki yawan asara. A rulet ma haka: haɗa duk abin da aka ɗora tun daga juyin farko, ka ɗauki kashi 2.7 cikin 100 nasa, ka samu matsakaicin abin da zai salwanta, ko da wace dabara aka bi.

Wannan ya kai mu ga wani abu da ke ba mutane mamaki game da ƙaramin jari. A ce burin saurayin nan ya mayar da 12,700 ɗinsa 25,400. In ya ɗora duka a ja sau ɗaya, damarsa kashi 48.6 ce cikin 100. In ya bi Martingale daga naira 100, sai ya ci zagaye 127 ba tare da faɗuwa 7 a jere ta riske shi ba, damar ta sauko kusan kashi 30. In kuwa ya ce zai bi a sannu, naira 100 kowane juyi har ya kai, damarsa kusan 1 ce cikin 960. Hanyar da ta fi kama da hankali da taka-tsantsan ita ce mafi muni, domin ita ta fi yawan juyi, kuma kowane juyi gida na gutsurar nasa. Masana lissafi biyu na Amurka, Lester Dubins da Leonard Savage, sun tabbatar da wannan a 1965: a wasan da aka karkata ga gida, jan lokaci abokin gida ne. A 2004 wani Baturen Ingila, Ashley Revell, ya sayar da duk abin da ya mallaka, ya ɗora dala 135,300 a ja a otal ɗin Plaza na Las Vegas, juyi guda, ya ci. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin shawara. Ko faifan Amurka ne ko na Turai, fiye da rabin masu yin irin wannan tsirara za su tashi. Abin lura kawai shi ne, dabarar da ake tallata wa mai ƙaramin ƙarfi da sunan za ta sa kuɗinsa su daɗe, daɗewar ita ce ribar gida.

To ba a taɓa cin rulet da wayo ba? An taɓa, kuma yadda aka yi ya ƙara tabbatar da maganar. Joseph Jagger, mutumin Yorkshire da ya san injinan masaƙa, ya je Monte Carlo a ƙarni na 19 da tunanin cewa babu injin da ba shi da aibi. Ya sa aka riƙa rubuta masa lambobin da ke fitowa, ya gano faifan da ya ɗan karkata, ya zuba a lambobin da karkatar ta fifita, ya kwashi kuɗi har sai da gidan ya riƙa sauya wa faya-fayai wuri. Gonzalo García-Pelayo da iyalinsa sun yi irin wannan a Madrid a farkon shekarun 1990, bayan tattara sakamakon dubban juyi. A 1961 Edward Thorp da Claude Shannon sun ƙera 'yar ƙaramar kwamfuta da ake ɓoyewa a jiki, mai auna gudun faifai da na ƙwallo ta yi hasashen ɓangaren da za ta sauka, suka gwada ta a Las Vegas; jihar Nevada ta haramta irin waɗannan na'urori a 1985. A 2004 wasu mutum uku sun ci fam miliyan 1.3 a gidan caca na Ritz da ke Landan, aka zarge su da auna gudun ƙwallo da na'ura, 'yan sanda suka bincika suka sake su da kuɗinsu. Dukansu faifan suka yi nazari, ƙarfe da katako da gudu. Babu ɗaya da ya ci ta hanyar ninka kuɗi. Wanda ya yi suna da iƙirarin dabarar zubi, Charles Wells, da ya tashi teburan Monte Carlo a 1891, ya koma ya zubar da abin da ya ci, daga baya aka ɗaure shi a kan damfara. A waya kuwa, rulet iri biyu ne: ko kwamfuta ce ke fitar da lamba ba tare da wani faifai na gaske ba, ko kuma faifai ne na gaske a wani ɗakin ɗaukar hoto mai nisa, wanda kamfani ke bibiyar kowane juyinsa. In akwai karkata, su za su fara gani.

Saura garaɓasa, wadda ake nunawa kamar ita ce maganin kason gida. Tunanin mai sauƙi ne: tunda gida na cin kashi 2.7, in gida ya ba ni kuɗi kyauta ai na rufe giɓin. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. A ƙarƙashin babban rubutun da ke cewa ka saka 10,000 a ba ka 10,000, akwai ƙaramin rubutu da sai ka danna ka gangara ƙasa sosai kafin ka gan shi, kuma a nan cinikin yake. Sharaɗi na farko: ba za ka cire kuɗin ba sai ka juya su sau kaza. Ninki 30 zuwa 40 abu ne da aka saba gani. Mu ɗauki 35 a matsayin misali. Garaɓasar 10,000 na nufin sai jimlar zubinka ta kai naira 350,000. Kason gida a kan wannan ya kusa 9,500, wato an riga an karɓe kyautar tun kafin ka taɓa ta. Wasu kamfanonin ma a kan kuɗinka da garaɓasar a haɗe suke lissafa ninkin, adadin ya zama biyu.

Sharaɗi na biyu ya fi cizo. Ba kowane wasa ake ƙirgawa daidai ba. Injinan jera hotuna, masu kason gida mai kauri, su ake ƙirga wa naira a naira. Rulet kuwa sau da yawa kashi 10 cikin 100 ake ƙirga masa, wani wurin ma ba a ƙirga shi sam. In kashi 10 ne, naira 350,000 ɗin nan ta zama miliyan 3.5. Matsakaiciyar asara a kan wannan ta haura 94,000, ga mutumin da duk abin da ke asusunsa 20,000 ne. Sharaɗi na uku: akwai iyakar abin da za ka ɗora a juyi guda matuƙar garaɓasa na kanka. A ce 500 ce. Miliyan 3.5 a ɗari biyar-biyar juyi 7,000 ke nan, kuma mun ga abin da ke samun mutane a irin wannan nisan. Ga kuma wa'adin kwanaki, in ya cika ba ka gama ba kyautar da abin da ta haifa sun tafi.

Dubi yadda wannan ke karo da dabarar da aka tallata tare da shi. Mai Martingale ya ɗora 100, 200, 400, mataki na huɗu 800 ne, ya haura iyaka. Manhaja ba lallai ta hana shi ba a lokacin. Sai ranar da ya zo cire kuɗi a aiko masa da saƙo cewa ya saɓa sharaɗi, an soke cin. Wani ya ce bari ya ɗora a ja da baƙi lokaci guda don ya cika adadin zubi ba tare da kasada ba. Sifiri na nan yana jira, sau 1 cikin 37 zai kwashe duka biyun, kason gida bai motsa ba. Ƙari a kan haka yawancin sharuɗɗa sun ambaci wannan salon a cikin abubuwan da ke jawo soke garaɓasa. A farkon shekarun 2000, lokacin da cacar intanet ke tasowa kuma sharuɗɗan ba su yi tsauri ba, an samu masu bin gidaje suna kwasar garaɓasa da lissafi. Sharuɗɗan yau don su aka rubuta su.

Wannan ba zargi ne na masu ƙin caca kawai ba. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta buɗe bincike a kan irin waɗannan tallace-tallace a 2016, kuma a 2018 manyan kamfanoni, ciki har da Ladbrokes da William Hill, suka ɗauki alkawarin daina ɗaure kuɗin da mutum ya saka da hannunsa a cikin sharuɗɗan garaɓasa. A 2025 hukumar kula da caca ta ƙasar ta sanar da cewa ninkin da za a ɗora wa garaɓasa ba zai wuce 10 ba. Ƙasar da caca ke halas a dokarta, take kuma karɓar haraji a kai, ita ce ta ga abin ya yi yawa.

Shi kuma mai bidiyon, mene ne nasa? Ruwa ba ya tsami banza. Kamfanonin caca na biyan masu kawo musu mutane, wani lokacin kuɗi tsararru a kan kowane sabon mai rajista, wani lokacin kaso daga abin da mutumin ya yi asara muddin yana wasa. A tsari na biyu, faɗuwarka ce albashin wanda ya koya maka dabarar. Wasunsu da kuɗin wasa na gwaji suke nunawa, wasu da kuɗin da kamfani ya zuba musu. Abin ya yi ƙamari har dandalin Twitch na nuna bidiyo kai-tsaye ya hana nuna rulet da makamantansa daga wasu shafukan da ba su da lasisin da ya gamsu da shi, tun daga Oktoban 2022.

A ƙasar Hausa babu wanda ke buƙatar a sanar da shi hukuncin caca. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida yaran Islamiyya ma sun san ta. Abin da ya fi damuna shi ne aikin da kalmomin dabara da gwaji ke yi a zuciyar yaro. Wanda ba zai taɓa zama a tabarmar 'yan karta ba, sai ka ji yana cewa shi ba caca yake ba, lissafi yake bi, kuma ai da kuɗin kamfani yake gwadawa, ba nasa ba. Littafin rubutu a gefe, jerin lambobi, ƙa'idar tashi in an ci kaza: duk suna ba abin kamannin sana'a, har mutum ya daina jin nauyin da ya kamata ya ji. Hisbah a Kano ta rufe shagunan caca a 2024, amma faifan rulet ba ya shago, yana cikin wayar da ke aljihu, sau da yawa a cikin manhajar da aka sauke don cacar ƙwallo.

Ta fuskar doka ma mai wasa daga nan a tsaye yake shi kaɗai. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta Najeriya ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne, kuma jihohin da ke bin shari'ar Musulunci haramta ta suka yi. Da yawa daga shafukan da ke raba garaɓasa mafi tsoka lasisinsu daga wurare irin su tsibirin Curaçao yake, kuma alkawuran da aka tilasta wa kamfanoni a Birtaniya ba su shafe su ba. Saurayin da aka soke wa ci a Kano ko Gusau saboda ya ɗora 800 inda aka ce 500, ba shi da ofishin da zai kai ƙara a jiharsa, ba zai iya gaya wa Baba ko Yaya ba, kuma 10,000 ɗin da ya saka da hannunsa na iya kasancewa a ɗaure cikin sharaɗin da bai karanta ba.